Ɗunɗun da Ya Ci Gonar Malam Bubayero

Malam Bubayero a bayan shanu ya girma, amma da burtali ya ƙuntace, kiwo ya yi wuya, sai ya sayar da rabin garkensa ya sayi gona a gabashin Miga. Yana alfahari da ita. Duk rani yakan kwantar da sauran shanun a cikinta don taki, bai san suna kawo masa 'ya'yan ɗunɗu, itacen nan mai ƙaya, a cikin kashinsu daga daji ba.

A damina ta uku ƙayar ta ɓullo tsakanin gero. Ya sare ta da adda, ta tofo. Ya tara karmami ya ƙone kututturan, da ruwa ya sauka suka fito kore shar. Har Dutse ya je ya sayo maganin feshi. Ganye ya zube, saiwa tana nan da ranta. Daga nan ya koma wa diga. Ya gane cewa ko guntun saiwa kamar yatsa aka bari a ƙasa, sai ya zama itace. Shekara tara yana bin saiwoyin nan a durƙushe, har mutanen gari suka riƙa zuwa tambayarsa yadda ake yi.

Matarsa Kaltumi takan ce, "Malam, ka bar gefen nan mana, ka noma abin da ya samu."

"In na bar masa gefe, gobe tsakiya zai nema," in ji shi.

Wata ranar sharar gona ƙaya ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafa. Ya zare ta, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da haƙa. Ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Miki ya ƙi warkewa, ƙafa ta kumbura. Da aka kai shi asibiti a Dutse, likitoci suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Damina biyu gonar ba ta ga fartanya ba. Da ya sami sauƙi ya sa aka ɗora shi a amalanke aka kai shi. Ɗunɗu ya wuce tsayin mutum, ko akuya sai ta raɓe take shiga. Maƙwabcinsa na gona, Malam Nata'ala, ya zo suka gaisa, sannan ya faɗa masa a hankali cewa saiwar ta tsallaka iyaka.

Malam Bubayero ya dubi gonar. Can ya ce, "Ka karɓe ta ka noma, ba na son komai."

Malam Nata'ala ya sunkuyar da kai. "Wallahi ba zan iya da ita ba, Malam."

Yanzu a ƙofar gida yake wuni yana tufka igiya, Kaltumi tana kai wa kasuwa. Mata masu neman itacen girki ne kaɗai ke shiga gonar, shi kuma bai sake cewa a kai shi ba.