Yadi Marar Ratsi a Shagon Ishbel

Shekara arba'in da uku Ishbel Cattanach ta yi tana ɗinka wa mazan garinmu Kingussie kilt, siket ɗin gargajiya na maza mai ninki-ninki a baya, kuma da hannu, ba ta taɓa barin keke ya hau ninkin baya ba. Shagona na burodi yana manne da nata, saboda haka duk abin da ya same ta ni ce farkon ji. Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Ko burodi na miƙa mata sai ta latsa shi ta ji ko na jiya ne.

Shekarar da ta cika saba'in da ɗaya, 'yarta Kirsteen ta matsa mata ta rufe shago ta koma wurinta a Inverness, wai idonta ya yi rauni. Ana cikin wannan ja-in-ja wani mutum ya shigo, zai yi shekara hamsin, ɗauke da yadi takwas na ulu ruwan toka, launi ɗaya, babu ratsi babu gidan dara. Ya ce daga Glasgow yake, sunansa Alasdair, yana son kilt na bikin 'yarsa.

Ishbel ta ce, "Alasdair wa?"

"Alasdair ɗin ma ya isa, Misis Cattanach."

"Kowane dangi da irin yadinsu. Wannan na su wa ne?"

Ya ce, "Ba na kowa ba ne."

Ta auna shi, ya tafi. Ko ƙofa bai gama rufewa ba ta faɗo shagona.

"Effie, Kirsteen ce ta turo shi."

"Ke dai Ishbel, ba kya gajiya?"

"Saurara. Yadi mai gidan dara shi ke nuna wa tela hanya, layi kawai za ki bi ninki ya miƙe. Wannan ba layin bi. Ninki ɗaya ya karkace, duk wanda ke bayansa a coci sai ya gani. Daga nan sai ta ce, to Mama, kin gani ko?"

Sai ta ɗauki aikin kamar yaƙi. Ba ta yarda da bakin yadin ba, ta ce da gangan aka yanka shi a karkace, don haka ta zare zare ɗaya daga saƙar tun daga sama har ƙasa, ta sami layin da ba ya ƙarya. Daga shi ta riƙa aunawa da wani guntun kwali da ta yi wa tsaga, tana ɗiga alli a ƙugu, a ɗuwawu, a gindi. Kowane ninki sai ta kama shi da farin zare kafin ta ɗinke shi. Ninki ashirin da bakwai, uku ta warware ta sake. Kwana tara ba ta bar ni na taɓa yadin ba, wai hannuna da gari.

Ranar gwaji ina nan, na kawo mata shayi. Alasdair ya ɗaura, ya juya baya. Ninkin gefen hagu duk sun zame sun buɗe baki. Na ga fuskar Ishbel ta yi fari.

"Miƙe sosai, ɗan nan! Ita ta ce ka karkace?"

"Wa fa?"

Ishbel ta matso kusa da shi. Ta ɗora tafin hannuwanta a ƙugunsa, ta daɗe a haka. Na hagu ya fi na dama tsawo da rabin inci, abin da tef ɗin awo bai nuna mata ba. Ta zagayo ta gabansa, ta cire tabarau, ta ƙura wa kunnuwansa da haɓarsa ido har ya tsargu.

"Me ya kawo ka Kingussie? Teloli sun ƙare a Glasgow ne?"

Sai ya zauna a kan kujerar gwaji ya faɗa. Bara mahaifiyarsa ta rasu. Kafin ta cika ta gaya masa mutumin da ya rene shi ba shi ne ubansa ba, ubansa ɗan wannan yankin namu ne, amma ba ta faɗi suna ba. Shi ya sa ba zai sa yadin dangin da ba nasa ba. An ce masa tsohuwar tela ta san kowa, ya zo da niyyar tambaya, bakinsa ya yi nauyi.

Ishbel ta ce masa kawai ya dawo bayan mako guda.

Da ya fita ta ce, "Ƙugun gidan Tolmie ne. Mazansu uku na yi wa wannan gyaran. Kuma ɗayansu, Murdo, ya yi shekara biyu a Glasgow wurin ƙera jiragen ruwa kafin ya yi aure."

"To ki gaya masa mana."

"In kuma gonarsu yake so? Murdo ya mutu, Jessie ƙanwarsa ita kaɗai ce a can, tsohuwa. Na san shi ne da zan tura mata shi?"

Ta warware ninki takwas na hagu, ta ɗaga su, ta bi su da dutsen guga da jiƙaƙƙen ƙyalle. A wannan makon har limamin wata coci ta buga wa waya a Glasgow, ta tabbatar da gaske akwai bikin.

Da ya dawo ya ɗaura, ninkin suka sauka a miƙe tun daga ƙugu har gwiwa. Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, sau biyu. Sannan ta kwatanta masa hanyar gonar gidan Tolmie.

"Kada ka cire shi. Ka ce ni na turo ka. Ban ce maka komai ba, ka ji?"

Jessie Tolmie ta tsayar da shi a bakin ƙofa kusan rabin awa tana yi masa tambayoyi, ba ta ce ya shiga ba. Da ya gaji ya juya zai koma mota, ta bi tafiyarsa da kallo, sai ta kira shi ya sha shayi. Har ta rasu ba ta taɓa furta cewa ɗan Murdo ne ba. Amma ta hau jirgin ƙasa ta je bikin, ta zauna a layi na biyu, wurin dangi.