Askar Da Ta Raba Ni Da Alƙalami

A shekarun da Nasara suka fara zagaya ƙasar Dutse, ni saurayi ne a gidan malamai a Limawa. Allah Ya ba ni hannun rubutu, har daga ƙauyuka ake kawo min aikin rubuta Alƙur'ani, kaina kuwa ya kumbura. Ana nan sai wani ƙari kamar ƙwallon dabino ya fito min a wuyan hannun dama, ta ciki, kusa da inda jijiya ke bugawa. Ba wani ciwo yake yi ba, tsami kawai in na daɗe ina rubutu.

Dattijon wanzamin gidanmu ya lallatsa wurin, ya ce da ta baya ya fito da ya tsaga, amma ta ciki jijiyoyin yatsu ne a cunkushe, askarsa ba ta shiga nan. Haushi ya kama ni, na ce a raina tsufa ne ya sa masa tsoro. Ranar kasuwa na kama hanyar Kiyawa wurin wani wanzami da ake yabon saurin hannunsa.

A bainar jama'a ya zaunar da ni. A wurinmu namiji ba ya ko motsi a ƙarƙashin aska, balle ɗan malam. Da askar ta nutsa, sai na ji abu kamar wuta ya harba har ƙarshen babban yatsana. Shi kansa ya dakata, ya ce idan na ji wani abu a yatsu in faɗa ya janye. Na dubi 'yan kallo, na cije, na ce ko cizon sauro ban ji ba. Ya ci gaba da yanka, mutane na ta yaba jarumtata.

Raunin ya warke, amma babban yatsa da manuni da na tsakiya suka mutu murus. Alƙalami yakan zame ban sani ba, sai dai in ga tawada a rigata. Na gwada hagu, Malam mahaifina ya ce ba a rubuta Littafin Allah da hagu a gidansa. Aikin da na ɗauko, ƙanena aka miƙa wa ina ji ina gani.

Har yau takaici na cina, don mutumin nan ya tambaye ni, ni ne na yi masa ƙarya. Jama'a, duk mai aikin da ya ce ba zai taɓa wuri ba, ku saurare shi. In kuma ana muku aiki kuka ji zafi, ku buɗe baki. Waɗanda suka yaba min ranar nan kafin la'asar sun watse, ni aka bari da hannun.