Ta'aziyyar Rasaki Ogundimu, Mai Sayarwa Kafin Rahoto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Rasaki Ogundimu a gidansa da ke Mushin, Legas. Ya bar matarsa, Iya Basira, da 'ya'ya huɗu.

Egbon nake kiranka, don ka zame mini yaya ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Shekara goma sha tara muna saye da sayar da hannun jarin kamfanonin magani, kuma kai ka koya mini sana'ar. Duk wata uku, kafin kamfanoni su fitar da rahoton ribarsu, sai ka ja ni kasuwar Idumota, mu tsaya cikin rana muna ƙirga katan-katan da ake lodawa. "Kamoru, rufe takardar nan," kake cewa, "'yan dako sun riga akanta sanin wanda ya yi ciniki." Daga nan ka saya mini tuwon amala, kana yi mini tsiya wai ina ci kamar ni na biya.

Dokarka ɗaya ce: a sayar kafin rahoto ya fito, komai kyan zato. Shekarar da na yi taurin kai na tafka asara, kai ka ciyar da gidana wata biyu, ba ka taɓa gaya wa kowa ba.

Da ƙodarka ta gaza, likita ya ce a fara wankin ƙoda cikin makon. Abin da ya rage maka duka yana cikin hannun jarin kamfani guda. Ka kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ka ce, "Sayar mini gobe." Ni kuwa na ga motocin kamfanin sun yi layi a Idumota. Na ce, "Haba Egbon, kwana tara kacal! Rahoto na fitowa farashi zai tashi, ka samu na wankin wata shida maimakon huɗu." Sai ka ce, "To, yau ɗalibi ke koyar da malami." Ka gaya wa iyalinka wai likita ne ya ɗaga ranar fara wankin.

A kwana na bakwai ka rasu. Ranar Alhamis rahoto ya fito, farashi ya yi ta hawa, daidai yadda na faɗa. Wallahi gara a ce lissafina ya kuskure. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, na yi imani, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, kuma ban ga ranar da za ta kwanta ba.

Allah ya jiƙanka, Egbon, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba 'ya'yanka haƙuri, ya raya su.

Iya Basira, Allah ya ba ki dangana. Kwana uku na zauna a tabarmar makoki, kina yi mini godiya a gaban jama'a, na kasa gaya miki gaskiya. Likita bai ɗaga ranar ba. Mijinki ya so ya sayar, ni na ce ya jira.