Keken Baba Hamani

Har yau ranar da aka sauke kekunan nan a harabar biro ɗinmu, wato ofishinmu, ba ta fita raina ba. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ban daɗe da dawowa daga karatu a Faransa ba, ina ƙaramin ma'aikaci mai kula da kayan aiki. Ku da kuka zo a zamanin babur, bari in ɗan yi muku bayani. A lokacin, masu kai takardu, waɗanda muke kira planto, da ƙafa suke zaga Yamai. Sai umarni ya zo daga sama cewa kowane planto zai hau keke, wanda ya kasa kuma a sallame shi.

Kekunan na tsere ne, masu siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Duk girmansu ɗaya, kuma da gani don dogayen mutane aka ƙera su. Da yake na taɓa hawan irinsu a can, shef, wato shugaban sashenmu, ya ce ni zan daidaita wa kowa nasa. Na ce masa ni ba gwani ba ne, abin da na sani kaɗan ne. Ya ce kaɗan ɗin ya isa.

Ƙa'idar, iya yadda aka koya mini, ba ta da wuya. Mutum ya zauna a sirdi ya ɗora diddige kan feda tana ƙasa. In ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba, tsayin sirdi ya yi. In ya tsaya ƙafafu biyu a ƙasa, kada ƙarfen tsakiya ya taɓa shi. Hannu kuma ya kai birki ba da miƙa ba. Samarin duk na daidaita musu, ko da yake ba zan rantse cewa sun ji daɗi ba.

Saura Baba Hamani. Bazabarme ne ɗan unguwar Yantala, gajere, ya fi kowa daɗewa a aikin, kuma da shi yake riƙe da gida mai yawan baki. Ya zagaya keken, ya kira ni da Mushe, wato malam a Faransanci, ya ce, "Mushe, wannan keke ne ko raƙumi?"

"Sai mun kawo maka tsani, Baba," in ji wani saurayi ɗan Maraɗi.

"Kai, rufe mini baki. Na fara kai takarda uwarka ba ta yi aure ba."

Na sauke sirdin har ƙarshe, ƙafarsa ba ta kai ba. Na ɗaura guntayen katako a kan feda, na juya kan keken sama don ya zauna a miƙe. Ya ɗan yi dama. Shef ya fito ya gani, ya ce, "Kayan gwamnati ne, ba amalanke ba. Mayar da shi yadda ya zo." Na ce wataƙila, in ba damuwa, a nemo masa ƙarami. Ya ce in rubuta buƙata a aika. Na rubuta.

Baba Hamani ya koyi hawa, a kan bakin sirdi, ƙugu na rawa hagu da dama. Kullum na tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Hankalina bai kwanta ba, wata safiya na bi shi Yantala a kan nawa keken. Can na ga abin da ban lissafa da shi ba. Duk dattijon da ya gani sai ya sauka ya gaishe shi, kuma a unguwar babu wanda bai sani ba. Kowace sauka sai ya karkatar da keken ya dira da ƙafa ɗaya, ƙarfen ya buge shi, ya cije ya ce fofo, gaisuwar Zabarmawa, sannan ya sake hawa.

Na ce, "Baba, ka ɗaga hannu ka wuce mana."

Ya dube ni. "In wuce surukina kaina a ƙasa, bayana a sama kamar kaza tana tsattsagar dawa? Mushe, da wane ido zan sake shiga gidansa?"

Na juya kekena na koma biro.

Gwiwarsa ta kumbura. Ya koma tura keken cikin rairayi, takardu suna isa a makare fiye da lokacin da yake tafiya hannu sake. Shef ya kira ni ya ce, "Zai iya ko ba zai iya ba?" Na ce a wannan keken ba na jin mai tsayinsa zai iya, amma a ƙarami ina kyautata zato. Ya ce, "Wannan muke da shi."

Ranar da aka sallame shi ya wanke keken tas ya kawo mini. Ya ce, "Kada ka damu kanka, ɗana. Allah ne ya yi ni gajere." Ya fita yana ɗingishi.

Bayan damina ƙaramin keken ya iso. A tsarin aiki, kaya na muƙami ne, ba na mutum ba, don haka aka ba wanda ya gaje shi, wani dogon saurayi ɗan Tawa. Yana taka feda gwiwarsa na dukan kan keken. Shef ya ce in daidaita masa.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne daidaita keke ba ya ƙarewa a tsayin ƙafa. Sai ka san inda mutum zai bi da waɗanda zai sauka ya gaisar. Sanin hakan bai ceci aikin Baba Hamani ba. Na ɗauko kayan aikina na fara ɗaga sirdin.