Sha'aban Kemis

A tashar motar Azare akwai wani dogon mutum siriri da ke rubuta sunayen fasinjoji. Sunansa Sha'aban, amma Kemis ake ce masa, kuma ba don yabo ba.

A shekarar 2001 ya samu gurbin karatun kemistiri a jami'a, shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare. In ya zo hutu yakan zauna kusa da mahaifiyarsa, Inna Mariyamu, tana tankaɗe yana ba ta labarin ɗakin gwaji: yadda ake ɗiga asid daga dogon bututun gilashi, ɗigo ɗaya-ɗaya, har ruwan da ke ƙasa ya sauya launi, da yadda ake zana wasu sinadarai da kusurwa shida kamar saƙar zuma. Inna ba ta gane komai, sai dai ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Ɓangaren kemistirin da ake kira oganik kam ya iya shi, har abokansa na zuwa ya koya musu. Darasi ɗaya ne ya kayar da shi, na lissafin zafi da saurin haɗuwar sinadarai. Ya faɗi sau biyu. Karo na uku zazzaɓin taifot ya kwantar da shi a makon jarrabawa, jami'a ta sallame shi. Ya dawo Azare da akwatin littattafai, ba takarda.

Yayansa Bappayo ɗan kasuwar wake ne. Yakan saya da kaka a Gadau da ƙauyukan kewaye, ya jibge a sito har ya yi tsada. Tun suna yara yake jin haushin yadda ake ji da ƙanen nan nasa. Ya ɗauke shi aiki a sito, shi ne kuma ya laƙaba masa sunan. In baƙi suka zo sai ya nuna shi, ya ce, "Ga Kemis ɗinmu. Shekara biyar a jami'a, ya dawo da ilimin ɗinke buhu." A yi dariya, Sha'aban ya ci gaba da ɗinki.

Da kakar 2007 ƙwari suka shiga waken. Bappayo ya kawo wata jarka ya dire masa. Sha'aban ya karanta abin da ke jikinta, ya ɗago kai.

"Yaya, wannan na feshin auduga ne. Ba a sa shi a abin da za a ci. Irinsa yana daɗewa bai lalace ba. Wanki ba ya fitar da shi, dafuwa ma ba ta kashe shi."

"Da ka san haka da ba su koro ka ba," in ji Bappayo. "Haɗa ka yayyafa."

Sha'aban ya ƙi. Kwana uku Bappayo bai aika da cefane gida ba. Rana ta huɗu Inna ta kira Sha'aban ɗakinta, ta ce, "Shi ke ciyar da gidan nan. Ka yi masa biyayya, ko don ni." Washegari ya haɗa. Ya ƙara ruwa fiye da yadda aka ce masa, ya rubuta ma'aunin a littafinsa kamar yadda aka koya masa a makaranta, ya kuma roƙi yayan ya bar buhunan su kai damina. Da hannu ya cuɗa waken, tafinsa ya yi mako yana saɓa.

Bappayo bai jira damina ba. Bayan mako biyar aka yi masa tayi mai kyau, ya sayar. A wani ƙauye kusa da Dagauda aka dafa waken ranar suna. Mutane suka yi ta amai da jijjiga, aka kwashe su zuwa asibiti a bayan akori-kura. Wata tsohuwa da yara biyu ba su dawo ba.

Da 'yan sanda suka bi sawu har sito, Bappayo ya tarbe su da ladabi. "Ranka ya daɗe, ni ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Ga wanda ya karanta haɗa magunguna a jami'a." Suka buɗe akwatin Sha'aban, suka sami littafin da ma'aunin a ciki, da rubutunsa.

A kotu alƙali ya tambayi Sha'aban ko ya san guba ce lokacin da yake haɗawa. Ya ce ya sani. Aka kira Inna ta faɗi ko an tilasta masa. Ta dubi babban ɗanta, ta dubi ƙasa, ta ce ita ba ta san harkar sito ba.

Aka yanke wa Sha'aban hukuncin ɗauri. Ya fito daga gidan yari a ƙarshen 2009. Ya tarar Bappayo ya zama Alhaji, ya ƙara sito na biyu. Ya nemi koyar da kemistiri a wata makarantar kuɗi, aka ɗauke shi, sai iyayen yara suka zo suka ce in yana nan za su kwashe 'ya'yansu. Kwana tara ya yi. A gidan biki ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. Daga baya 'yan ƙungiyar direbobi suka ba shi benci da biro a tasha.

Akwai wata mata, Zuliha, da ke saukowa daga motar Dagauda ranar kasuwa. Ɗanta yana cikin yara biyun nan da ba su dawo daga asibiti ba. Takan tsaya gaban bencin, ba ta zagi, sai ta ce, "Sunansa Hammadu. Shekararsa huɗu." Sha'aban yakan ajiye biro ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da kai har ta gama kallonsa. Daga nan ta gyara mayafi ta shiga kasuwa, shi kuma ya zauna ya tambayi fasinja na gaba sunansa.