Hannu na Biyu a Rumfar Alasan

Ranar wata Laraba ce cikin watan Maris na 2005, ranar kasuwar Konni, rana ta take tsaka. Na kai wa babana abinci tasha, na karɓo kwanoni ɗaure a ƙyalle, ban ko biya gida ba na zarce rumfar Alasan da gudu. Ina ɗaga buhun da ya yi wa ƙofa labule da shi, sai na ga mutum a wurina. Shaibu, abokina tun ajin farko a lakwal, yana hagu a kan benci inda ya saba zama. A dama, inda na shekara ina zama, Hamza ne, taubashina, ɗan goggona da aka kawo daga wani ƙauye kusa da Badagishiri don ya zauna gidanmu ya yi koleji. Ya riƙe hannun wasan tele, wato abin dannawar, kamar an ba shi ajiyar ƙwai, harshensa a waje. Shaibu bai ko waiwayo ba, ya ce, "Zamna, Isuhu, muna ga gada." Gadar nan ta cikin wasan, ni da shi mun yi wata da watanni ba mu ƙetare ta ba. Ina tsaye da kwanoni a hannu na ga sun ƙetare.

Alasan ɗan kabu-kabu ne da ya karye a ƙafa, ya sayar da babur, ya tsallaka iyaka ya sayo tele biyu da na'urorin wasa biyu, ya kafa rumfar kwano a bayan tasha. A tele ta farko, mai tsohuwar na'ura, sojoji biyu ne gefe ɗaya, suna gudu daga hagu zuwa dama suna harbin abokan gaba, kowa da ransa uku. A ta biyu, sabuwa, hoton rabe yake sama da ƙasa, kowa yana farautar ɗan'uwansa cikin wani kangon gini. Dokar Alasan a tele ta farko guda ce: "Muddin da mai rai, ba a tashinku." Wasan ba ya tuna inda aka tsaya. In rayuka suka ƙare, ko aka ɗauke wuta, sai a koma farko. Mataki bakwai gare shi, kuma duk unguwarmu babu wanda ya taɓa ganin ƙarshensa. Wasu suna cewa a ƙarshe sojojin aure suke yi, wasu suna rantsuwa cewa ba shi da ƙarshe, masu ƙera shi ne suka yi wa yara wayo.

Ba na jin kunyar faɗa, ni na fi kowa iya harbi a rumfar nan. Yatsuna suna da sauri, idona ba ya kuskure. Sai dai hoton wasan yana bin wanda ke gaba ne, wanda aka bari a baya kuwa bakin tele yana tunkuɗa shi har ya faɗa rami. Sau nawa Shaibu ya mutu a haka, ban ƙirga ba. "Jira ni mana!" ita ce maganar da na fi ji daga bakinsa a shekarar nan, ni kuma in ce masa yatsunsa ne na tsofaffi. Akwai kuma wani maɓalli da muke kira aro: in rayukanka sun ƙare, kana dannawa sai ka ɗauki ɗaya daga na abokinka ka dawo. Na'ura ba ta neman izinin kowa, amma mu a tsakaninmu ba a danna shi sai an tambaya.

Hamza kuwa bai iya komai ba. A gida ni nake koya masa yadda ake tura kurar ruwa daga pampo ba tare da jarka ta tuntsire ba, ni nake nuna masa inda ake samun ciyawar ragon inna a bakin fadama, ni nake yi masa dariya in ya tsorata da ƙahon manyan motoci. A wasan ma harbinsa rabi iska yake samu. Abu ɗaya kawai yake yi: ba ya wuce Shaibu. In Shaibu zai yi tsalle, sai ya tsaya cak har ya ga ya sauka. In abokan gaba suka ɓullo ta baya, sai ya juya ya tare su, ya bar wa Shaibu gaba. In bindiga mai kyau ta faɗo, sai ya kauce mata. Wata rana muna yankan ciyawa na ce masa wasansa na matsorata ne. Bai ɗago daga lauje ba ya ce, "Taubashi, mu ga noma in ka riga kai ƙarshen layinka, juyowa kaka yi ka tarbi na baya. Ba kowa ka tashi sai gona ta ƙare." Na ce masa nan birni ne, ba gonar babansa ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa a hankali, ni kuma ina lura da kowanne. Shaibu yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya yi kira, amma sunan da yake fara kira ba nawa ba ne. In ya sayi rake, gaɓar tsakiya mai zaƙi Hamza yake miƙa wa. A filin lakwal, in ana rabon 'yan ƙwallo, shi yake fara zaɓa, alhali Hamza da ƙafar noma yake buga ƙwallo. Har wata alama suka ƙirƙiro: in Shaibu ya bugi gwiwar Hamza da tasa, ma'ana a duba baya. Ni da na shekara a gefensa ba mu taɓa yin alama ko ɗaya ba. Abin ya ci ni har na je na gaya wa inna cewa Hamza ya bar karatu, kullum yana rumfar Alasan. Tana tankaɗe ta dube ni ta ce, "Kai kuma daga ina kag gane shi?" Mako guda muka yi muna cika randunan gida mu biyu, ba mai fita.

Da aka sake mu, sai na ƙalubalance shi a tele ta biyu a gaban kowa. Na san sirrin wannan wasan: ba rabinka za ka kalla ba, rabin abokin gabarka za ka saci kallo, ka gane lungun da ya ɓuya. Hamza bai san ana haka ba, idonsa na kan nasa rabin kamar mai karatun allo. Na harbe shi sau goma, bai taɓa ni ko sau ɗaya ba. Yara suna ihu suna kiran sunana. Shi kuwa dariya yake yi, yana cewa, "Wallahi taubashi ka kashe ni har na gaji da mutuwa." Na juya ina neman idon Shaibu. Yana jingine da ginshiƙin rumfa, ya ce, "Ka ƙare? To ba ni Hamza, muna da aiki." Suka koma tele ta farko, aka bar ni a kan bencin masu nasara ni kaɗai.

A ƙarshen watan Yuni, bayan an gama jarrabawa kuma ruwan shuka ya sauka, wata Laraba suka kai mataki na bakwai. Rumfar ta cika har masu sayar da ruwan leda sun ajiye bokitansu suna leƙe, kowa yana roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Ana cikin haka aka aiko daga gida: mahaifin Hamza ya ci kasuwa, motar Badagishiri ta cika, shi ake jira a tafi shuka. Hamza ya duba fuskokin da ke kansa, ya miƙo mini hannun wasan da rai biyu a ciki. Ya ce, "Riƙe mani shi. Kak ka wuce shi." Ba hannun yake nufi ba, Shaibu yake nufi.

Na zauna a wurina na dama, kuma da farko na yi yadda ya ce. Na jira a bakin kowane rami, na tare baya. Muna tafiya lafiya har sai da Shaibu, idonsa a kan tele, ya bugi gwiwata da tasa ya ce, "Hamza, baya!" Bai ma san ya faɗa ba. Sai na saki baya na ruga gaba ina harbi, don kowa ya ga wanda ke zaune. Kafin mu isa ƙofar bos, babban abokin gaba na ƙarshe, rayukan Hamza biyu sun tafi. Shaibu yana da wanda yake kai da guda ɗaya a ajiye. Na dubi gudan nan a saman tele, na danna aro ban tambaya ba. Ba a jima ba harsashi ya sami Shaibu, ya jira sojansa ya dawo, bai dawo ba. Ya duba sama, ya dube ni, ya ajiye hannun a kan benci a hankali.

Na kashe bos ɗin ni kaɗai. Aka nuna soja ɗaya a cikin kwalekwale, rana tana fitowa, wani rubutu da ba mu iya karantawa ba ya hau sama, wasan ya koma farko. Ba aure, ba komai. Babu wanda ya yi ihu. Alasan ya ce, "To, an gani. Tashi, akwai masu jira." A waje na tarar da Shaibu yana neman takalminsa cikin tarin takalma. Ya ce, "Da ka tambaya, da na ba ka." Tun daga ranar bai sake zama da ni a tele ta farko ba.

Yau rumfar Alasan ta zama shagon gyaran waya. Yaran unguwarmu suna zama a gindin itacen bedi, kowa da wayarsa da abin ji a kunne, suna haɗa runduna da mutanen da ba za su taɓa gani ba, in abokin wasa ya ɓata musu rai su sauya wani kafin shayi ya tafasa. Ba su san nauyin gwiwar mutum a jikin tasu ba. Shaibu da Hamza kuwa motar albasa suka haɗa hannu suka saya, suna kai kaya kudu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana duba masa hanya. Muna gaisawa, muna zuwa sunan 'ya'yan juna, ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Amma har yau, in motarsu ta wuce ni a kan hanyar Tawa, kujerar dama nake fara dubawa.