Kogon Waliyyan Alhaji Sabo

Aikin planto, wato ɗan aiken ofis, wahala ce zalla, kada wani ya ruɗe ku. Shekara goma sha ɗaya na yi a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a bakin Zongo, kullum ina kan babur tsakanin wurin biza, filin jirgi da shagunan matafiya. Rana ta ƙona ni, gwiwa ta mutu. Amma ranar da har yau ta ƙi fita raina, a zaune cikin inuwa na jawo wa kaina ita.

Lokacin ana cikin rushe gidajen unguwar Kuluba. Wani Bakano mai sayar da yadi, Alhaji Sabo, zai je Indiya sarin kaya, wani tsohon gari da ake kira Aurangabad. Ƙa'idar ofishinmu, duk matafiyi a haɗa masa fasfo da tikiti da ɗan littafin bayanin garin da za shi, da Faransanci. Littafin na asali yana durowar shugabarmu, Madam Ramatu, fotokofi muke ba mutane. Injinmu kuwa tsoho ne, hoto in ya shiga sai ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Alhaji ya zo karɓar takardunsa Madam ba ta nan. Ya juya littafin, ya miƙo mini.

"Malam Isufu, kai da ka yi lekol, ka san boko, me Nasara ya rubuta nan?"

Aji uku na yi aka cire ni. Amma a Zongo ana ganina da jakar takardu, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa zato ba. Na riƙe littafin nesa da ido irin na manya. Na tsinci kalma huɗu da na sani: kogo, addu'a, tsarki, masu ziyara. Sauran na cika da bakina.

Na ce, "Alhaji, kusa da garin akwai koguna da aka sassaƙa cikin dutse. Bayin Allah ne suka zauna ciki suna ibada."

"Halwa ke nan! Waliyyai?"

"Kusan haka."

Wannan "kusan" ban san inda ya faɗi a hanya ba. Kafin kwana biyu duk masallacinmu ya san Alhaji Sabo zai je ziyarar kogon waliyyai. Wannan ya ba shi saƙon addu'a, wancan ya ba shi sunan ɗansa marar lafiya. Malam Tanko ladan, tsoho mai fama da ido, ya roƙi a ɗebo masa ƙasar kogon ko da cikin ƙwaryar ashana.

Labari ya iso kunnen Madam ana saura kwana biyu tafiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe durowa ta ajiye mini littafin mai kala. Ga wani gunki kwance, tsawonsa ya fi motar kaya. Ga wani mai hannu takwas. Ga mata na rawa a jikin bango, ban ƙara kallo ba.

"Baba Isufu, wanne ne Shehun a cikinsu?"

Ta juya shafin, ta ci gaba.

"Garin cike yake da Musulmi, har da kaburburan waliyyai na gaske. Bayanin yana shafi na gaba, ba ka kai ba. Amma kogunan nan wurin bautar wasu ne. Ka je ka warware abin da ka ƙulla, ko ka ajiye mini makullin babur."

Na sami Alhaji a shago bayan la'asar, na miƙa masa littafin mai kala. Ya daɗe yana kallon mai hannu takwas ɗin.

"To, wannan dai ko carbi huɗu ka ba shi zai ja."

Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. "Kogunan zan je in gani, aikin dutse ne, ido ba ya karya alwala. Addu'ar mutane in kai ta inda ta dace. Amma ni ba zan tsaya gaban jama'a in zama wanda ya yi ƙarya ba. Bakin da ya karanta shi zai goge."

Ku yaran yanzu, abin da na koya ke nan: a aikin nan mutum yana ɗaukar maganarka ya hau jirgi da ita. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba.

Washegari da aka sallame Asuba na miƙe. Na ce, "Jama'a, maganar kogo kuskurena ne, ba na Alhaji ba. Gaskiya ni ban iya karatun Faransanci ba."

Jama'a suka juyo suna kallona. Sai Malam Tanko ya juyo da kansa wajen muryata.

"Isufu, ai mun daɗe da sani. Kai kaɗai muke ɓoye wa."